A Sa Masa Ragib

Mahaifina kafinta ne, kuma duk faɗin garinmu Tuzla ba a yi mai taurin kai irinsa ba. Na sha faɗa masa haka ido da ido yana da rai, don haka ba gulmar mamaci nake yi ba. Sunansa Ragib, mutanen unguwa suna ce masa Maistor Ragib, wato gwani Ragib, ni kuma Babo nake ce masa, in ya ƙure ni in ƙi kiransa da komai. Akwai abu ɗaya da yake taƙama da shi fiye da gidansa, fiye da mu 'ya'yansa ma in ana son gaskiya, wato idonsa. Yakan ce ma'auni na ragwaye ne, shi kallo ɗaya zai yi wa katako ya san inda ya karkace. Sunan da ya yi a gari ke nan, aikin Ragib a miƙe yake, kuma saboda wannan sunan ya kusa barin rufi ya sauko masa a ka.

Garinmu a kan gishiri yake zaune, sunansa ma daga gishirin ya samo. Kakannin Babo da guga suke jan ruwan gishiri daga rijiya, su dafa shi a manyan faranta na ƙarfe har ya ƙafe. Ɗan abin da suke ɗiba ƙasa ko ji ba ta yi. Sai mutanen Austiriya suka zo da injinan zuƙo ruwa da layin dogo, suka haƙa rijiyoyi masu zurfi, suka buɗe ramukan kwal a Kreka. Bayan yaƙin duniya na biyu kuwa abin ya wuce hankali. Masana'antar gishiri ta bunƙasa, ana tura ruwan gishiri ta bututu har Lukavac don masu yin soda, aka gina tashar lantarki, aka kafa masana'antar sinadarai. Mutanen ƙauye suka yi ta saukowa da ƙunshin kayansu, kowa ya samu aiki, kowa ya samu takalmi. Ni kaina a wajen ɗura gishiri a kwali na yi aiki har na tsufa, mijina Sakib kuma a tashar lantarki, don haka ba zan zauna ina tsine wa abin da ya ciyar da mu ba. Amma gishirin nan daga ƙarƙashin tsohon gari ake narkar da shi ana zuƙewa, abin da aka cire kuwa dole ya bar rami. Sai gari ya fara nitsewa da mu, kowace shekara kaɗan.

Kowa ya san haka. 'Yan makaranta sun sani, limami ya sani, mai sayar da burodi ya sani. Babo kaɗai ya ce ƙarya ne.

"Ƙasa ba ta zuwa ko'ina," in ji shi. "Ina za ta? Dangi gare ta a Sarajevo? Danshi ne kawai, ƙyaure ya sha ruwa ya kumbura."

Abin haushin shi ne, nitsewar garin ita ta cika masa hannu da aiki. Da zarar ƙanƙara ta narke, ƙofofin unguwa sai su ƙi buɗuwa, tagogi su ƙi rufuwa, a aiko a kira Maistor. Ya ɗauki magoginsa na fere katako ya je, ya ciro ƙyaure, ya kanne ido ɗaya, ya fere nan ya fere can, ya mayar. Ƙyaure ya buɗe sumul. Sai ya karɓi finjalin gahawa yana zagin kafintan da ya yi ƙyauren da ɗanyen katako, ko da kuwa shi ne ya yi shi da hannunsa shekarun baya. Siniya kuma, ɗan gajeren teburin nan mai zagaye da muke cin abinci a kai, ba ya yin ta a shago. A tsakiyar ɗakin mai ita yake ƙarasa ta, kullum mai ƙafa uku, don ya ce mai huɗu rawa take yi. Ya durƙusa, ya ɗora kwanon ruwa a kai, ya rage wannan ƙafa da zarto, ya rage waccan, har ruwan ya zauna daidai. Bai taɓa cewa daɓen ne ya gangara ba. Cewa yake ƙafar ce ta yi tsawo.

A gidanmu in tuffa ta faɗo daga kan kabad, ba sai an nema ba, tana kusurwar taga. In mahaifiyata Hasiba ta gasa burek, abincinmu na fulawa da nama, man duk sai ya gudu gefe ɗaya na faranti, rabi ya yi laushi rabi ya bushe, mu yara mu yi ta dambe a kan gefen mai. Ran da ta gaji ta ce, "Ragib, don Allah dubi gidan nan," sai ya ɗauki farantin ya fita tsakar gida ya yi ta dukansa da guduma, wai shi ne ya lanƙwashe. Allah ya jiƙanta, ba ta sake magana ba, ta koyi juya faranti a tsakiyar gashi. Ni ban gaji haƙurinta ba.

Lokacin da ta rasu na riga na yi aure, muna zaune a hawa na tara a sababbin benaye na Sjenjak. A tsohon gari kuwa rushe-rushe ake yi. Gidan da ya tsage da yawa, kwamitin gari ya zo ya duba, a ba masu shi wuri a bene, a kawo motar rusau. Layinmu ya fara yin giɓi. Duk ranar hutuna sai in sauka da kwanon abinci, kuma duk zuwan faɗa ne. Bangon ɗakinsa ya tsage har hannuna yana shiga, na nuna masa, ya ce fenti ne ya tsufa. Na ce ya zo ya zauna da mu, ya ce shi ba tattabara ba ne da zai kwana a sama. Na yi lallashi, na yi kuka, na turo masa limami, limamin ya dawo da ƙyauren kabad ɗinsa a gyare da kuma ra'ayin cewa watakila danshi ne.

Sai kwamiti ya turo Injiniya Nenad, wani mutum mai sanƙo mai haƙurin tsiya. Dabararsu mai sauƙi ce. A samu ɗan siririn gilashi a manna shi a kan tsagar bango, rabi nan rabi can. In bangon ya motsa, gilashin zai tsinke. Ya manna a duk gidajen layinmu, yana dawowa lokaci-lokaci yana dubawa. Na kowa ya tsinke. Na Babo kuwa ƙalau. Wata ya bi wata, shekara ta zagayo, gilashin Babo ko tsaga babu. Injiniya ya yi ta mamaki, har ya kawo abokan aikinsa suka tsaya suna sosa ƙeya, suka ce watakila gidan a kan dutse yake, suka cire shi daga cikin na gaggawa. Ni ma na yarda. Har haƙuri na ba shi, kuma wannan haƙurin yana ci mini rai har yau.

Ranar da asiri ya tonu ina nan, ina wanke masa labule. Injiniya ya durƙusa gaban bango, ya daɗe, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Maistor," ya ce, "gilashin da na manna a nan fari ne."

"To?"

"Wannan kore ne. Har da zanen fure."

Na saki labule na juya na dubi kabad ɗin mahaifiyata. Ƙyaurensa ɗaya babu gilashi. Ashe duk lokacin da na injiniya ya tsinke, Babo sai ya yanko sabo ya manna. Ya cinye tagogin shagonsa kaf, farin gilashi ya ƙare masa, ya koma kan kabad.

"Naka ne ba shi da ƙwari," in ji shi, ko kunya babu. "Kwana kaɗan ya fashe. Na sa maka mai kyau, ko na gode ba ka ce ba."

"Sau nawa ya fashe, Maistor?"

"Ni ma'aikacinka ne da zan riƙa ƙirga maka?"

Injiniya ya miƙe, fuskarsa ta yi fari. Ni kuwa na buɗe baki, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce, "Babo, kashe kanka za ka yi? So kake a tono ka da shebur? Me na yi maka a duniya?" Ya bar ni na gama, sannan ya ce wa injiniya, "Ka yi haƙuri da ita, gishiri ne ya yi mata yawa a jini."

Kwamiti ya ce ya tashi nan take. Babo ya ce su zo su ɗauke shi. Aka yi ta ja har kaka ta shigo. Wata Asabar da hantsi na zo da abinci, na tura ƙofa ta ƙi. Na buga, na ji muryarsa daga ciki yana cewa ba ya nan. Na zagaya ta taga na leƙa, ga shi zaune a tsakiyar ɗaki, farar ƙasar rufi ta zubo masa a ka da kafaɗu. Ginin ya sauko ya danne ƙyauren, ba ya buɗuwa, ba ya ciruwa. Tun jiya yake a kulle, bai kira kowa ba, don kada a ji cewa ƙofar gidan kafinta ta ƙi buɗuwa. Ina tsaye na ji katakon rufi ya yi wata ƙara. Na ruga na kira Sakib da wasu ma'aikata da ke rushe gidan maƙwabta, suka ɓalle tagar.

"Fito, Babo!"

"Ku fara karɓar kayan aikina."

Aka karɓa.

"Yanzu siniya. A hankali, kai mai jar hula, ba buhun kwal ba ne."

Sai da aka fitar da teburin sannan ya yarda Sakib ya jawo shi ta taga. Yana dira ya kakkaɓe rigarsa, ya dubi mutanen da suka taru, ya ce shi ba don komai zai tashi ba sai don mitar 'yarsa ta kusa kurmantar da shi. Ba a yi wata guda ba aka rushe gidan, kuma bai je ya gani ba.

Na ɗauka na huta. Ina! Daga shigarsa gidanmu ya tsaya a bakin ƙofa ya kanne ido, ya ce benen a karkace yake. Yana tafiya yana dafa bango, yana cewa jiri yake ji, yana tambayar wane jahili ne ya zuba daɓen nan. Ya ajiye siniyarsa a falo, mai ƙafa ɗaya doguwa biyu gajeru, aka ɗora gahawa ta malale a faranti. Ya ce, "Kun gani ko? Na faɗa muku."

Akwai abin da na sani wanda shi bai sani ba, kuma na yi ta addu'a kada ya ji. Rabin mutanen tsohuwar unguwarmu a benayen nan aka zuba su, kowa ya zo da kayansa, kayan nan kuwa yawanci aikin Babo ne. A kan miƙaƙƙen daɓe, kowane tebur ya karkace, kowane kabad ya sunkuya, kowane gado yana gangarar da mai barci. Sai mutane suka riƙa cusa guntun katako ko ninkakken kwali a ƙarƙashin ƙafar da ta gaza. Guntun nan kuma aka sa masa suna. In tebur ya yi rawa, sai ka ji an ce, "A sa masa ragib." Har waɗanda ba su taɓa ganin Babo ba haka suke faɗa. Na ja wa Sakib kunne, na ce ko da wasa kada kalmar nan ta fito a gidana.

Sakib mutumin kirki ne, amma kansa ba ya riƙe abu. Muna cin abincin rana, teburin kicin ya ɗan girgiza, wanda ma a kanti muka saya, ba aikin Babo ba. Ko ɗaga kai bai yi ba ya ce mini, "Zumreta, miƙo mini ragib ɗin can."

"Na'am?" in ji Babo.

Na taka ƙafar Sakib har sai da ya yi ƙara, amma aikin gama ya gama. Babo ya bi hannun Sakib da kallo har zuwa guntun kwalin da ke kan taga. Ya dube shi, ya dube ni.

"Wannan ne ragib?"

"Wasan yara ne, Babo."

"Su wa da wa ke faɗa?"

Na dubi Sakib, Sakib ya dubi farantinsa. Ya ajiye cokali a hankali, ya ce alhamdu lillahi, ya tashi.

Daga ranar ya daina sauka wajen tsofaffin da ke zama a gindin bene. Ya daina zagin magina. Abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. Yakan zauna a baranda da magoginsa a cinya yana kallon wajen tsohon gari. In na tsokane shi da gangan, na ce ƙasa tana nitsewa, sai ya ce, "To." Mutumin da na yi shekaru ina roƙon Allah ya sa ya yi shiru, ga shi ya yi shirun, ni kuma na rasa inda zan sa kaina. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, kuma na fi jin haushin tausayin.

Ana haka sai ga Manda. Ita ce maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya tun kafin a haife ni, mijinta ya yi aikin kwal a Kreka har ƙirji ya kashe shi. Da sallah mu kai mata baklava, kayan zaƙinmu na sallah, da Kirsimeti ta kawo mana waina, sauran kwanakin shekara kuwa ita da Babo faɗa suke ta kan katanga. Yanzu tana hawa na huɗu a benenmu. Ta shigo ba sallama, tana haki, tana kiransa komshiya, wato maƙwabci.

"Komshiya, an ce ka mutu, na zo in ga ko da gaske ne."

"Ke kika sa wa guntun kwali sunana?" in ji Babo.

"Ni ce mana. Wa kake zato yana da basirar? Siniyar da ka yi mini, tun da na hau benen nan ban ga miya a tsakiyar kwano ba. Kullum tana gefe tana shirin guduwa."

"Benen ne a karkace."

"Duk benayen Sjenjak a karkace, kai kaɗai ne a miƙe? Haba Ragib, ji tsoron Allahnka."

Na ga jini ya dawo masa fuska, abin da ban gani ba tun ranar kwalin. Ya miƙe ya nuna siniyarsa da yatsa.

"Ranar Lahadi, in kin fito daga cocinki, za mu kai teburin nan inda na yi shi. In zuba miki gahawa. In ta zauna daidai a finjali, ki tsaya a ƙofar benen nan gaban kowa ki janye maganarki."

"In ba ta zauna ba fa?"

"In jefa magogina a kogin Jala, ki kira ni duk abin da kika ga dama."

"Na yarda. Ka zo da sukari, ba na shan ta tsura."

Na ce musu dukansu sun haukace. Na ce gidan babu shi, kango ne, an fi shekara da rushewa. Ba wanda ya ko kalle ni. Kuma da Lahadi ta zo, wa ya ɗauki teburin? Ni. Katakon wani itace ne na ƙasarmu, mai nauyin tsiya. Direban bas ya ce motarsa ba ta kwasar kaya ba ce, Babo ya tsaya zai gaya masa wanda ya gyara wa kakarsa ƙofa, na tura shi ciki.

Yau kusa da wurin tafki ne, mutane suna ninƙaya da rani suna shan askirim. A lokacin kuwa ba komai sai tarin bulo da ciyawa mai ƙaiƙayi da ruwan gishiri kwance a kwari. Da kyar muka gane gidanmu, sai ta kututturen tuffa da dutsen dokin ƙofa. Babo ya tsaya a kan dutsen. Sannan ya shiga, ya bi ta inda zaure yake dā, bai yarda ya taka inda bango yake ba, har ya kai tsakiyar ɗaki. Ya share wurin da ƙafa, daɓen yana nan. Na shimfiɗa bargo, muka cire takalma. Ya ajiye siniya, doguwar ƙafar tana fuskantar inda taga take, ya lulluɓe ta da mayafin tebur, ya juya ya durƙusa yana kunna ɗan risho.

Na zauna daidai wajen doguwar ƙafar, na ɗora farantin finjalai, sai na ga ƙaramin cokali ya silalo wajena. Nan take na gane. Ƙasar ba ta tsaya jiranmu ba, tun da muka tashi ta ƙara gangarawa. Teburin da bai dace da bene ba, yanzu nan ma bai dace ba.

Kusan shekara ashirin ina jiran ranar da zan ce masa ka gani. Ga ta ta zo, har da mai shaida. Na dubi Manda, tana laluben tabarau a jaka. Na dubi bayan Babo, ƙeyarsa ta rame, rigar ta yi masa yawa, magogin yana leƙowa daga aljihunsa don ya zo da shi da gaske. Ban san lokacin da na ɗaga ƙafar teburin na tura yatsun ƙafata a ƙarƙashi na ja mayafi na rufe ba.

Wayyo Allah, nauyi!

Babo ya juyo da butar gahawa. Ya zuba wa Manda, da gangan ya cika finjalin fal har baki. Gahawa ta tsaya cak. Manda ta sa tabarau, ta durƙusa, ta leƙa ta nan, ta zagaya ta leƙa ta can, har kumatunta yana taɓa tebur. Ni ina zaune ina murmushi, hawaye na neman zubo mini.

"Yesu da Maryamu," in ji ta. "Kai, tsohon banza. Daidai take."

"Ƙara faɗa, kunnena ya yi nauyi."

"Na ce daidai take! Teburinka lafiyarsa ƙalau. Zan faɗa a ƙofar bene, na yi alkawari. Amma sunan ya riga ya shiga gari, komshiya, ko ni ba zan iya kamo shi ba."

"Ke dai ki faɗa."

Na zaci shi ke nan, za mu tashi. Sai ya sake ɗora ruwa. Gahawa a wurinmu ba a shan ta a tsaye, sai an tsoma sukari, an ciza, an kurɓa, an huta. Ya jingina gwiwar hannunsa a kan tebur, daidai ta wajena, ya shiga ba da labarin yadda ya sayo katakon daga wani mutumin Majevica, da yadda suka yi ciniki, da abin da mutumin ya ce, da abin da shi ya ce. Manda ta kawo nata labarin. Aka zuba ta biyu, aka zuba ta uku. Yatsuna suka yi zafi, suka yi tsami, daga baya na daina jin su gaba ɗaya. A raina na zagi gishiri, na zagi Austiriya, na zagi mutumin Majevica da itacensa.

Can Manda ta miƙe da kyar ta ce bari ta je ta ga inda kicin ɗinta yake. Ta tsallaka inda katanga take dā, ta yi nisa cikin ciyawa, na ga ta tsaya ta ciro hankici.

Babo bai dube ni ba. Yana tattara finjalai ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Janye ƙafarki, 'yar nan, kafin a yanke miki ita."

Na dubi mayafin tebur, yana nan a rufe.

"Ni na yi teburin. Tun da na ajiye shi hannuna ya gaya mini. Ubanki kafinta ne, ba makaho ba."

"Ka sani, kuma ka dafa har sau uku? Ka kuma danna da gwiwar hannu?"

"In na yi sauri ai za ta gane."

Na ja ƙafata da hannu biyu, don ita kanta ta ƙi motsi. Teburin ya sauka, ya sunkuya wajen taga. Ragowar gahawar da ke faranti ta gangara, ta taru a gefe, ta fara ɗiga a kan bargo. Ya zuba mata ido har ta gama ɗiga. Sannan ya ɗaga kai ya dubi kangon, da ruwan da ke kwance a inda layinmu yake, da hayaƙin tashar lantarki can nesa.

"Ƙasar ce, ko?" ya ce a hankali.

"Ƙasar ce, Babo."

"Ba aikina ba ne."

"Ba aikinka ba ne."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya juyo ya dube ni, da gaskensa, ya ce, "To me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini?"

Na ja numfashi har ƙirjina ya cika. Maganar shekara ashirin ta taso mini a maƙogwaro, da limami, da injiniya, da koren gilashi, da farantin mahaifiyata, duk na jera su zan sauke masa. Sai na ga finjalan da ya riƙe suna ƙara a hannunsa, yana ƙoƙarin danne su da ɗaya hannun kada in ji.

"Mantawa muka yi, Babo," na ce.